Ladan Kuturu: Me Gudummawar Yaƙin Neman Zaɓe Take Saye?

Jawabin da aka gabatar a taron haɗin gwiwa na malaman firamare na Batsari da Safana

 



An ɗora mana nauyin yin magana a kan wata tambaya wadda ba ta cikin manhajar da muke koyarwa, amma kowace damina takan shigo mana aji ta rufin da ke yoyo. Tambayar ita ce: kuɗin da masu hali suke zuba wa 'yan takara lokacin yaƙin neman zaɓe, shin kyauta ce don kishin jam'iyya, ko kuwa kafin alƙalami ne na wani ciniki da za a kammala bayan rantsuwa?

Duk inda aka jefa wannan tambaya, a ofishin malamai ne ko a majalisar ƙofar gida bayan la'asar, mutane kan rabu biyu. Wasu su ce ai ba ɗan siyasar da ba a saye ba, saboda haka zancen ma ɓata yawu ne. Wasu kuma su ce mutum ya nemi kuɗinsa ya ba wanda ya ga dama, ina ruwan wani? Amsoshin nan biyu suna da sauƙin faɗa, kuma dukansu suna sallamar mutum ya koma gida ba tare da ya yi komai ba. Namu ganin shi ne gudummawa tana saye, sai dai ya kamata mu san ainihin abin da take saye, mu kuma san daga aljihun wa ake biyan bashin. Malami ba ya karɓar amsa daga ɗalibi sai ya ga yadda aka yi lissafin, don haka bari mu fara da lissafi.

A shekarar 2022, lokacin da jam'iyyu suka buɗe sayar da fom na tsayawa takara, APC ta sa na shugaban ƙasa a kan Naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na ɗan majalisar wakilai miliyan 10. PDP ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40, na gwamna miliyan 21. A lokacin, mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 30,000 ne a wata. Ke nan ma'aikacin da ke kan wannan mataki, in ya so ya wakilci mazaɓarmu ta Safana da Batsari da Ɗanmusa a majalisar wakilai a ƙarƙashin jam'iyyar da ke mulki, sai ya tara albashinsa na kusan shekara 28, bai ci ba bai sha ba, kafin ya karɓi takarda kawai. Fom ɗin shugaban ƙasa kuwa albashinsa ne na fiye da shekara 270. Marigayi Muhammadu Buhari da bakinsa ya faɗa a 2014 cewa sai da ya nemi rancen banki kafin ya biya Naira miliyan 27.5 na fom ɗinsa.

Fom kuma shi ne ƙaramin kashi. Bayansa akwai wakilan jam'iyya masu zaɓen fidda gwani, waɗanda kowa ya san ba da fatar baki ake shawo kansu ba. Akwai motoci da mai, da hotuna da riguna, da mawaƙa, da ejan a kowace rumfa ranar zaɓe, da lauyoyin da za su tsaya a kotu in an ƙalubalanci sakamako. Ɗan takarar da ba shi da wannan ƙarfi yana da ƙofofi kaɗan a gabansa: ya sayar da gida ko gona, ya ci bashi, ya rusuna gaban wani attajiri, ko ya jingina da mai riƙe da baitulmalin gwamnati. Kowace ƙofa ya bi, zai shiga ofis da kaya a kansa.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ce a sashe na 88 kada ɗan takarar shugaban ƙasa ya kashe fiye da Naira biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70, ɗan majalisar jiha miliyan 30. Ta ce kada mutum guda ya ba ɗan takara fiye da miliyan 50, alhali a dokar 2010 iyakar miliyan 1 ce tak. Dokar kamfanoni ta hana kamfani ba jam'iyya gudummawa. Tsarin mulki ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko mata daga ƙasashen waje. An kuma wajabta wa jam'iyyu su kai wa hukumar zaɓe bayanin abin da suka karɓa da abin da suka kashe, ko da yake akasarinsu ba sa kaiwa a kan lokaci. To, ku dubi hukuncin da dokar ta 2022 ta tanada ga wanda ya ƙetare iyaka: tarar kashi 1 cikin 100 na kuɗin da aka yarje masa, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun. Ga ɗan majalisar wakilai tarar ta kama Naira 700,000. Mutumin da ya iya kashe miliyoyi ɗari ba zai rasa barci a kan wannan ba.

A ranar 20 ga Disamba, 2014, an yi liyafar neman gudummawa a fadar shugaban ƙasa da ke Abuja domin takarar Shugaba Goodluck Jonathan. A dare ɗaya aka sanar da alkawarin fiye da Naira biliyan 21, ciki har da biliyan 5 daga masu harkar mai da iskar gas, a lokacin da doka ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya wuce biliyan 1. An yi abin a gaban 'yan jarida, ba a ɓoye ba. Wata uku da 'yan kwanaki bayan haka Jonathan ya faɗi zaɓe.

Wannan faɗuwa tana da muhimmanci ga zancenmu, domin ta nuna cewa kuɗi ba kullum suke sayen nasara ba. Iyayenmu da ke zaune a nan sun shaida irin haka a 1979, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna: PRP ta Malam Aminu Kano, wadda ba ta kama ƙafar NPN a dukiya ba, ita ta ci kujerar gwamna da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa. Manyan masu ba da gudummawa sun san da wannan, shi ya sa da yawansu suke raba ƙafa, su ba wannan da rana su ba wancan da dare. Wanda ya ba ɓangarori biyu masu gaba da juna, ai ba aƙida yake bi ba. Yana so ne duk wanda ya ci ya tarar da sunansa a littafi.

Me sunan nan yake jawo masa? A nan binciken da aka yi a wasu ƙasashe zai taimake mu, domin su suna rubuta wanda ya ba da abin da ya ba, ana iya bin sawu. A Amurka, cikin 2003, wasu masana uku sun tattara bincike kusan 40 da aka yi a kan ko gudummawa tana canza ƙuri'ar da ɗan majalisa yake kaɗawa a zauren majalisa, suka tarar a mafi yawansu ba a ga wani tasiri na a zo a gani ba. Masu cewa gudummawa ba ta sayen komai sukan kafa hujja da wannan. Sai kuma wasu masana biyu, Joshua Kalla da David Broockman, suka yi wani gwaji da aka buga a 2016. Wata ƙungiya ta nemi ganawa da ofisoshin 'yan majalisa 191. Ga wasu ofisoshin aka ce masu son ganawar mutanen mazaɓa ne, ga wasu kuma aka ce masu ba da gudummawar takara ne. Mutanen iri ɗaya ne, buƙatar iri ɗaya ce. Inda aka ambaci gudummawa, damar ganin ɗan majalisar da kansa ko manyan jami'ansa ta ninka sau uku zuwa huɗu. A Birazil kuma, wani bincike da aka buga a 2014 ya bi sawun kamfanonin gine-gine da suka tallafa wa 'yan takarar majalisa na jam'iyya mai mulki a zaɓen 2006, ya gano cewa inda ɗan takararsu ya ci, kwangilolin da suka ƙaru musu sun kai aƙalla ninki 14 na abin da suka bayar. A 2015 kotun ƙolin ƙasar ta haramta wa kamfanoni ba da irin wannan gudummawa.

In muka haɗa waɗannan uku, hoton ya fito. Ƙuri'ar da ake kaɗawa a gaban jama'a tana da wuyar saye, domin idanu suna kanta. Abin da ake saye shi ne ƙofa: wa za a ɗaga wa waya, wa zai shiga falo, wa zai kwana a benci a waje da takardarsa a hannu. Bayan ƙofa kuma sai kwangila da muƙami, waɗanda ake rabawa a ɗakin da babu ɗan jarida.

A ƙasarmu an ma taɓa yin cinikin da ƙofa a buɗe. Akwai labarin da ya kamata kowane malamin firamare a Nijeriya ya sani, labarin Jihar Anambara tsakanin 1999 da 2003. Gwamna Chinwoke Mbadinuju ya hau mulki da goyon bayan attajirin ɗan kwangila Emeka Offor. Ba a daɗe ba suka ɓata, rigimar ta raba majalisar jihar, harkokin gwamnati suka tsaya cik. Albashi ya gagara. Malamai suka shiga yajin aiki, makarantun gwamnati suka kasance a rufe kusan shekara guda. Ku tsaya ku auna wannan. Yaron da ke aji shida a lokacin bai san ubangida ba, bai san yaron gida ba, bai ci ko sisi daga kuɗin kamfe ba, amma shekararsa aka yanka aka biya. Wanda ya gaji Mbadinuju, Dokta Chris Ngige, shi ma da uban gidansa, Chris Uba. Da suka saɓa a kan rabon muƙamai da kuɗi, a ranar 10 ga Yuli, 2003, 'yan sanda suka tsare gwamna mai ci, aka karanta wa majalisa wata takarda wai ta murabus ɗinsa.

Na Jihar Oyo ya fi kusa da zuciyarmu mu mutanen bakin dajin Rugu, saboda irin kuɗin da aka yi faɗan a kansu. Marigayi Lamidi Adedibu, wanda ya tsaya wa Rashidi Ladoja har ya zama gwamna a 2003, ya fito fili ya gaya wa 'yan jarida ƙorafinsa: gwamna yana karɓar Naira miliyan 65 duk wata a matsayin kuɗin tsaro, ya kamata a ba shi miliyan 15 daga ciki, an hana shi. A watan Janairun 2006 'yan majalisa 18 cikin 32 suka tsige Ladoja, sai a Disambar shekarar Kotun Ƙoli ta mayar da shi. Kuɗin tsaro, 'yan'uwa. Mu da muka binne mutanen Tsauwa da Ɗankar a Fabrairun 2020, muka ga an kwashe ɗaruruwan yara daga makarantar Ƙanƙara a Disambar wannan shekara, muka zauna wata da watanni ba layin waya daga Satumbar 2021, mun san abin da kalmar nan take nufi fiye da mai karanta ta a jarida.

Wani zai ce waɗannan ai labaran Kudu ne, kuma na masu rashin kunya. A nan ba a yin haka. Gaskiya ne a nan ba kasafai ake rubuta yarjejeniya ba. Ba a ma buƙatarta, domin muna da abin da ya fi takarda ɗaure mutum, wato kunya. Bahaushe ya daɗe da gane cewa in baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Alhajin da ya saya maka fom, ya ba ka motoci uku da direbobinsu, ba zai taɓa cewa ka biya shi ba. Zai zo barka kawai. Bayan wata biyu ya aiko ɗansa da takardun kamfani. Ɗan siyasar yana iya kasancewa mutumin kirki mai tsoron Allah, amma da wane ido zai dubi yaron ya ce masa a'a? A cikin zuciyarsa ma ba zai kira abin cin amana ba, zai kira shi halacci.

Magabatanmu ba su ɗauki wannan da wasa ba. Cikin al'adun mulkin sarakunan Hausa da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soka a littafinsa Kitabul Farƙ har da gaisuwa, wato kyautar da ake kai wa mai mulki domin a sami shiga. Malamanmu na addini kuma sukan karantar da mu labarin ma'aikacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓo zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka ba shi. Aka tambaye shi me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta same shi a can. Ma'aunin nan har yau bai tsufa ba. Mu auna gudummawar takara da shi: da mutumin nan ba ya neman kujera, da Alhaji zai ba shi motoci uku?

Yanzu sai mu zo gida, mu tambayi inda ake samo abin biyan. Ɗan siyasa ba ya biya daga albashinsa. Yana biya ne daga inda ya fi taushi a kasafin kuɗi, inda in an tsakura ba mai ihu nan take. Kuma kaɗan ne wuraren da suka kai makarantar firamare ta ƙauye taushi. Ɗalibanmu ba su kai shekarun zaɓe ba. Iyayensu ba su san nawa aka ware ba. Masu faɗa a ji ba a nan 'ya'yansu suke karatu ba. Aikin kuma irin wanda ake iya yankawa ƙanana ne a raba wa mutane da yawa: ajujuwa biyu a nan, kujeru a can, rijiyar burtsatse, masai, katanga.

Kusan kowa a ɗakin nan ya ga yadda abin yake tafiya, ba sai mun kama sunan kowa ba. A ba mutum kwangilar gini alhali bai taɓa aza bulo a kan bulo ba, don ba don ya gina aka ba shi ba, an ba shi ne don ya fanshe. Ya sayar wa wani ya cire rabonsa. Wancan ma ya sayar. Kafin aikin ya iso hannun maginin da zai kwaɓa siminti, abin da ya rage ba zai yi aikin kirki ba, sai a ƙara yashi a rage siminti, a sa kwano mai kaurin takarda da katakon da bai bushe ba. Iskar farkon damina ta yaye rufin, daɓen ya farfashe, kujerun su karye kafin zango na uku. Hedimasta kuma a kawo masa takardar shaidar kammala aiki a ce ya sa hannu, yana sane da cewa wanda ya ƙi, akwai makarantar da ke can bakin daji tana jiran sabon shugaba. A yankinmu akwai ƙarin masifa guda: inda hanya ba ta da aminci, jami'in duba aiki ba ya zuwa, kuma aikin da ba mai zuwa dubawa ya fi kowane daɗin ci. Rashin tsaron da ya kori yaranmu daga aji shi ne kuma yake rufa wa mai cin kuɗin ajin asiri.

Ba mu kaɗai muke faɗar haka ba. A Nuwambar 2019 Shugaba Buhari ya ce an ware kimanin Naira tiriliyan 1 cikin shekara goma domin ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya, amma da wuya a ga amfaninsu a ƙasa. A wannan shekarar ce hukumar ICPC ta fara bin sawun irin waɗannan ayyuka, ta kuma tilasta wa 'yan kwangila da dama komawa wuraren da suka yasar.

Bayan kwangila akwai ɗaukar aiki, kuma wannan ya fi mana ciwo, domin rufi ana iya sake shi, amma malamin da aka ɗauka da wasiƙar ubangida zai yi shekaru masu yawa yana tsaye gaban yara. Mai takardar NCE da ya cancanta yana gida yana jiran kira, wanda ba ya iya rubuta jimla yana karɓar albashi, wani lokaci ma ba ya zuwa.

Akwai kuma kuɗin da suke tafiya ta ɗaya hanyar, daga baitulmali zuwa kamfe. Babban mai ba da gudummawa a siyasar ƙasar nan sau da yawa ba attajiri ba ne, mai riƙe da gwamnati ne, kuma ba da kuɗinsa yake kyautar ba. A Disambar 2015 aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuƙi, bisa zargin karkatar da Dala biliyan 2.1 na sayen makamai, masu gabatar da ƙara suka ce wani kaso ya tafi harkar zaɓe. Ya musanta zargin. Abin da ya fi shafar mu kai tsaye shi ne asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, domin daga kason ƙananan hukumomi ake cire albashin malaman firamare. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukunci ne mai kyau a takarda, amma ƙungiyarmu ta daɗe tana jan kunne cewa albashin malami kada a bar shi ga ganin damar kowa. Shugaban ƙaramar hukumar da wani ya saya wa fom, ya kuma ɗauki nauyin zaɓensa, in kuɗi suka faɗo hannunsa, wa zai fara tunawa da shi?

Adalci ya sa mu faɗi abu biyu. Na farko, ba kowace gudummawa ce ciniki ba. A 2015 wata dattijuwa a Jihar Kebbi, Hajiya Fati Koko, mai shekara fiye da 90, ta ba Buhari Naira miliyan 1 daga abin da ta tara a sana'arta. Talakawa da yawa a garuruwan nan namu sun sayi katin gudummawa na ɗari da ɗari biyar. Ba wanda ya yi don kwangila. Kuɗin da suka fito daga hannu dubu ba sa ɗaure ɗan takara ga mutum guda, kuma wannan shi ne bambancin da ya kamata a riƙe: yawan kuɗin bai kai yawan hannuwan da suka bayar muhimmanci ba.

Na biyu, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ke tura ɗan takara gidan attajiri har da tsadar da masu zaɓe suke ɗora masa. Taliya da sabulu da atamfa da dubu biyun ranar zaɓe ba daga sama suke faɗowa ba, wani ne ya biya, kuma ya rubuta. Mai zaɓen da ya karɓa ya riga ya karɓi rabonsa na shekara huɗu, shi ma ido zai ji kunya ranar da ya so tambaya. Sai dai ba za mu tsaya a nan mu zagi macen da aka kore ta daga ƙauyenta, take kwana da marayu a kangon wani, don ta karɓi ƙullin taliya ba. Yunwa ba ta jin wa'azi. Mai laifi babba shi ne wanda ya mayar da yunwarta jari.

To, mu fa? An taɓa jin masu cewa ƙungiya ita ma ta tara kuɗi ta mara wa wani ɗan takara baya, don mu ma a riƙa buɗe mana ƙofa. Muna ganin wannan ba hanya ba ce. Sashe na 221 na tsarin mulkin 1999 ya hana kowace ƙungiya da ba jam'iyya ba zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko a takarar wani. Ko da doka ta yarda, a kasuwar da ake ciniki da miliyoyi, kuɗin da ake cirewa daga albashinmu ba za su saya mana ko kujerar baya ba. Kuma ranar da ƙungiya ta zama ta ɗan takara guda, ta rasa bakin yi wa sauran magana, ta kuma raba kan 'ya'yanta, tunda a ɗakin nan akwai 'yan kowace jam'iyya. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a ƙarshen shekarun 1940, kafin a kafa NEPU a 1950. Ƙarfin da ya tara bai samo shi daga aljihu ba.

Abin da muke da shi wanda attajiri ba shi da shi, shi ne muna ko'ina. Daga Ruma zuwa Wagini, daga Runka zuwa Zakka, ba gundumar da babu malami, kuma kowane malami ya iya riƙe rajista. Jami'in da ke tsoron hanya ba ya zuwa, mu kuwa can muke kwana. Saboda haka muna roƙon wannan taro ya amince kowace makaranta ta buɗe littafi guda na ayyuka, kamar yadda muke da na kiran suna. Duk aikin da aka kawo a rubuta ranar da aka fara, sunan da ke jikin allon kwangila, abin da aka ce za a yi, da abin da ido ya gani an yi. A ɗauki hoto ranar miƙa aiki, a sake ɗauka bayan damina. Kwamitin kula da makaranta da mai unguwa su sa hannu tare da hedimasta, don kada nauyin ya faɗa kan mutum guda da za a iya yi wa barazanar canjin wurin aiki. Reshe ya tattara a ƙarshen kowane zango, kuma reshe ne zai yi magana, ba malami shi kaɗai ba. Inda muke son sanin nawa aka ware, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ta hau kan jihohi.

Sannan kafin zaɓen 2027, rassan nan biyu su gayyaci duk masu neman kujerar majalisar jiha da ta wakilai, na kowace jam'iyya, rana ɗaya, ɗaki ɗaya, kujeru iri ɗaya. Ba za mu karɓi ko kuɗin ruwa daga hannun kowa ba. Abin da za a sha reshe ne zai saya. A yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a kan albashi da ƙarin girma da ɗaukar malamai ta hanyar jarrabawa, a kuma ƙara da wadda ba a saba yi ba: wa ya saya maka fom, kuma yana neman kwangila a makarantunmu? Mai yiwuwa wasu su ƙi zuwa, wasu su zo su kewaye tambayar. A rubuta wanda ya zo da wanda ya ƙi, a rubuta amsar kowa kamar yadda ya faɗe ta, a buga a wannan mujalla tamu, a ajiye kwafi a ofishin kowane reshe.

Malam shugaban taro, mun rubuta waɗannan shawarwari biyu a takarda, tare da samfurin shafin littafin ayyuka, za mu miƙa wa sakatarorin rassa domin a karanta a yi muhawara a kansu kafin a tashi.  Allah Ya ba yankinmu zaman lafiya, Ya mayar da yaranmu ajujuwansu.